Mabuɗin Labari: Sharhi a Kan Yadda Ake Koyar da Shi ga Ɗaliban Aikin Jarida

1.0 Gabatarwa

Kowane irin zance na Hausa yana da ƙofar da ake shigarsa. Mai tatsuniya yakan ce "ga ta nan, ga ta nanku", mai wasiƙa ya fara da gaisuwa da fatan alheri, mai wa'azi ya yi basmala da salati kafin ya ce "bayan haka". Farkon waƙa kuwa masana adabi sun daɗe da raɗa masa suna, watau mabuɗi. Labarin jarida ma yana da nasa mabuɗin, shi ne jimla ko sakin layin farko da ke biye da kan labari. Da shi mai karatu yake yanke shawarar ci gaba ko juya shafi. A wannan zamani kuwa, da jama'a da yawa ke tsintar labari a fuskar wayar hannu, sau da yawa mabuɗin nan shi kaɗai ake karantawa, kuma shi ake tura wa wani.

Manufar wannan maƙala ita ce duba yadda ake koyar da rubuta mabuɗi a sassan koyon aikin jarida na jami'o'i da kwalejojin fasaha, musamman ga ɗaliban da daga baya da Hausa za su yi aiki. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, mabuɗi hukunci ne da marubuci ke yankewa a kan abin da ya fi muhimmanci ga mai karatu, kuma a Hausa ginin jimla ne ke ɗauke da wannan hukunci. Darasin da ake bayarwa da Ingilishi ya bar wannan ɓangare ba mai kula da shi. Misalan da za a kawo duk ƙagaggu ne domin bayani, amma an gina su bisa ƙirar da kunne ya saba ji.

2.0 Asalin Darasin

Darasin da ake ba ɗalibi yana tsaye ne bisa ginshiƙai biyu. Na farko shi ne tambayoyi shida: wa, me, ina, yaushe, don me, da ta yaya. Tambayoyin sun girmi jarida nesa ba kusa ba, gama masana balagar Girkawa da Rumawa sun yi amfani da irinsu wajen feɗe ƙara a gaban shari'a. Na biyu shi ne tsarin da ake kira kifaffiyar dala. Wanda ya taɓa ganin hoton dalar gyaɗa ta Kano ya san gindinta ne mai faɗi, samanta kuma tsini. To, labarin jarida kifa wannan dala ake yi, a sa mafi nauyin magana a sama, a yi ta gangarowa zuwa mafi sauƙi.

Wannan tsari a Amurka ya girma. An buɗe layin tangaraho tsakanin Washington da Baltimore a 1844, kuma a 1846 wasu jaridun New York suka haɗa kai domin raba kuɗin kawo labari, haɗin da ya zama kamfanin dillancin labarai na Associated Press. Akan gaya wa ɗalibai cewa wakilan jaridu ne suka ƙago tsarin a lokacin yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, don tsoron kada waya ta yanke kafin su faɗi abin da ya faru. Masana tarihin jarida sun yi wa wannan ruwaya gyara. David Mindich, a littafinsa na 1998, ya nuna cewa yawancin rahotannin yaƙin bi-da-bi aka rubuta su, ya kuma jawo hankali ga sanarwar Sakataren Yaƙi Edwin Stanton game da harbin Shugaba Lincoln a watan Afrilu na 1865. Horst Pöttker kuwa, a bincikensa na 2003, ya ga cewa sai a ƙarshen ƙarni na 19 tsarin ya zauna da gindinsa. Ko ta wace hanya ya zo, amfaninsa a ɗakin ɗab'i a bayyane yake: a zamanin da ake jera haruffan darma, in labari ya fi gurbinsa tsawo, sai edita ya datse shi daga ƙasa ba tare da ya yi asarar ƙwayar magana ba.

A Nijeriya an fara koyar da aikin jarida a matakin jami'a a Nsukka a 1961, Jami'ar Legas ta biyo baya a 1966, daga nan sauran jami'o'i suka ɗauka, har da na Arewa. Da Ingilishi aka fara, kuma da shi ake gudanar da akasarin darussan, kamar yadda ake yi da Faransanci a Jamhuriyar Nijar. Alhali kuwa aikin jarida na Hausa ya girmi dukkan waɗannan sassa. An fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a watan Janairu na 1939, Malam Abubakar Imam yana editanta, Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri a 1957, gidan rediyon Kaduna kuma a 1962. Ke nan akwai tarin aiki na fiye da shekara 80 da ya isa a gina darasi a kansa.

Ya kamata a ba darasin haƙƙinsa. Tambayoyi shida suna hana ɗalibi dawowa daga wurin ɗaukar rahoto da rabin labari, kifaffiyar dala kuma tana raba shi da ɗabi'ar insha'in makaranta, inda ake share fage da shafi guda. Matsalar tana fitowa ne a lokacin da aka ɗauki darasin ɗungurungum aka aza wa Hausa.

3.0 Tambaya da Amsa

Nahawun Hausa ya bambanta shuɗaɗɗen lokaci iri biyu. Na ɗaya shi ne mai lamirai irin su mun, kun, sun, an. Na biyu shi ne mai muka, kuka, suka, aka. Da na ɗaya ake sanar da abin da mai sauraro bai sani ba. Na biyu kuwa yana zuwa bayan kalmar tambaya, da kuma bayan kalmar da aka jawo gaban jimla domin ƙarfafa ta, galibi tare da dirka, watau ne ko ce. A duba waɗannan:

(1a) Ɓarayi sun kore shanu 40 daga wata ruga jiya da dare.
(1b) Shanu 40 ne ɓarayi suka kore daga wata ruga.
(1c) A jiya da dare ne ɓarayi suka kore shanu 40 daga wata ruga.

Jimla ta (1a) tana kawo labari. Ta (1b) ta ɗauka mai sauraro ya riga ya san an yi sata, yawan shanun ne ya shige masa duhu, ko kuwa wani ya ce masa 14 ne ana gyara masa. Ta (1c) kuma amsa ce ga wanda ya tambaya, "Yaushe suka kore su?" Duk Bahaushe yana jin wannan bambanci a bakin kasuwa ko da bai taɓa shiga ajin nahawu ba.

A nan ne darasin tambayoyi shida yake yi wa ɗalibi illar da malaminsa bai nufa ba. An ce da shi ya zaɓi tambayar da ta fi muhimmanci ya sa amsarta a gaba. A Ingilishi ana iya jawo lokaci ko wuri gaban jimla ba tare da an taɓa aikatau ba. A Hausa kuwa wanda ya zauna yana amsa tambayoyi, ƙirar amsa ce za ta fito daga alƙalaminsa. Shi ya sa "A jiya ne aka", da "A ranar Litinin da ta gabata ce", da "A garin kaza ne" suka zama ruwan dare a farkon labaran Hausa. Mai karatu bai tambayi rana ba, bai ma san an yi wani abu ba tukuna, amma an ɗora masa nauyin jimla kacokan a kan ranar. Wani abin da ya ƙara ɓoye laifin shi ne, in mai aikin namiji ɗaya ne, "ya" na lokaci na ɗaya da "ya" na lokaci na biyu iri ɗaya ake rubuta su, tsawon wasali ne ya raba su. Ido ba ya ganin kuskuren a takarda, sai an karanta a rediyo kunne ya ji shi.

Mai yiwuwa wani ya ce ai wannan ƙira ta riga ta zama jiki, ba mai jin ta a matsayin ƙarfafawa kuma. To, asarar ke nan. Akwai ranar da lokaci shi ne labarin, kamar ranar da jama'a ke dakon sanarwar ganin wata, ko aka ɗage jarrabawa. A irin wannan rana "Ranar Lahadi ce za a yi Salla" ita ce jimlar da ta dace, domin kowa ya san za a yi Salla, ranar ake jira. In an dakushe wuƙar nan da yankan abin da bai kamata ba kullum, ranar da ake bukatarta ba za ta ci ba.

4.0 Gadon Sankira

Ta cikin tambayoyin shida, "wa" ita ce ta farko a jeri, kuma ita ce ta fi samun gindin zama a al'adar Hausa. Mai shela na gargajiya yakan fara da isar da gaisuwar sarki kafin ya faɗi saƙo, kuma daidai ya yi, gama ƙarfin saƙonsa daga mai aikensa yake. Ɗan jarida kuwa ɗan aiken mai karatu ne. Idan ɗalibi bai gane wannan ba, ga irin abin da zai rubuta:

(2a) Mai girma Shugaban Ƙaramar Hukuma, Alhaji Wane, wanda ya samu wakilcin Sakataren Mulki, Malam Wane, ya yi kira ga manoma da su ci gaba da ba gwamnati haɗin kai da goyon baya, a wajen bikin ƙaddamar da rabon takin zamani da aka gudanar a harabar sakatariya.

In an auna wannan mabuɗi da ma'aunin aji, zai ci maki, tun da ya amsa wa, da me, da ina. Amma a ƙaddara can a sakin layi na shida an ambata cewa buhu 300 ne za a raba wa ƙauyuka 40. Manomin da ya kasa kunne ga rediyo wannan yake jira:

(2b) Ƙauyuka 40 za su raba buhun takin zamani 300 a daminar bana, watau ƙasa da buhu 8 ga kowane ƙauye, kamar yadda ƙaramar hukuma ta sanar.

Abin da ya raba (2a) da (2b) shi ne wanda marubuci ya tsaya wa. Kalmomi irin su "ya yi kira", "ya buƙaci", "ya jaddada", "ya ja hankalin" alama ce ta cewa wakili ya halarci taro, ya rubuta jawabi, bai nemi labari ba. Lalle akwai dalilai na wajen aji da ke raya wannan ɗabi'a, kamar kasancewar gidajen rediyo da yawa mallakar gwamnatoci ne, da tsoron ɓata wa manya rai. Duk da haka aji ne wurin da ya kamata ɗalibi ya fara jin cewa ana iya girmama shugaba a sakin layi na biyu ba tare da an tauye shi ba. Ma'aunin da ke ƙirga amsoshi kawai ba zai taɓa koya masa haka ba.

5.0 An, Wai, da In Ji

Wuri na uku da fassarar darasi ke tuntuɓe shi ne jingina magana ga mai ita. Hausa tana da lamirin "an", wanda ke ba da damar faɗin aiki ba tare da ambaton mai yinsa ba. Yana da amfani in ba a san mai aikin ba. Amma "An harbe mutum 3 a wajen zanga-zanga" tana iya zama mafaka ga wakilin da ya san wanda ya yi harbin yana tsoron faɗa. Wajibi ne a koya wa ɗalibi ya tambayi kansa a kan kowane "an" da ya rubuta: rashin sani ne ya kawo shi, ko kauce wa gaskiya?

Haka kuma aikatan da ake jingina magana da su ba nauyinsu ɗaya ba. "Ya ce" ba ta ɗaukar ɓangare. "Ya bayyana" da "ya tabbatar" suna nuna marubuci ya gaskata maganar. "Ya yi iƙirari" da "wai" suna jefa shakka a kanta. Ɗalibin da aka gaya wa ya guji maimaita kalma ɗaya yakan yi ta sauya su don ado, bai san yana yanke shari'a ba. A labarin rikici tsakanin manoma da makiyaya, ko tsakanin ƙabilu, in an ce wani ɓangare "ya tabbatar" ɗaya kuma "ya yi iƙirari", an riga an zuba wa wuta mai tun daga jimlar farko. Sa'an nan ɗabi'ar jaridun Ingilishi ta ajiye mai magana a ƙarshen jimla ba ta dace da rediyo ba. Mai sauraro ba ya iya komawa baya, kuma kafin a kai ga "in ji 'yan sanda" ya riga ya ɗauki zargi a matsayin tabbas.

Ƙa'idar tsawo ma tana bukatar a sake auna ta. Littattafan koyarwa sukan ƙayyade mabuɗi a kalmomi 30 ko abin da ya yi kusa da haka. Ƙirgen nan na Ingilishi ne. Hausa tana rubuta lamirin lokaci a matsayin kalma mai zaman kanta, tana kuma gina ayyuka da yawa da "yi" haɗe da suna, saboda haka ƙirgen kalmomi ba ya ba da sakamako ɗaya. Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne numfashi: mabuɗin da ba a iya karanta shi a bayyane da numfashi ɗaya ya yi tsawo. Jaridar Hausa tun farkonta ta kunne ce, domin wanda ya iya boko yakan karanta ta ga waɗanda ba su iya ba a zaure ko a gindin bishiya.

6.0 Mabuɗin Rahoto na Musamman

Rahoto na musamman ya bambanta da ɗanyen labari, tun da ba gaggawa ce ta kawo mai karatu ba, dole a jawo shi. A nan abin da ake ba ɗalibi shi ne jerin ire-iren mabuɗi ya haddace: na tambaya, na siffantawa, na ɗan gajeren labari, na maganar wani, da sauransu. Ana kuma koya masa tsarin da jaridar Wall Street Journal ta shahara da shi tun zamanin editanta Bernard Kilgore a shekarun 1940, watau a fara da mutum ɗaya, sa'an nan a kawo sakin layin da zai bayyana abin da labarinsa ke wakilta. Haddar jeri tana taimakon ɗalibi a jarrabawa, amma ba ta gaya masa wanne zai zaɓa ba.

Da ɗalibi ya koma Hausa, sai ya tarar da mafita mai sauƙi, ita ce karin magana. "Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani" ta buɗe rahoton allurar yara, ta buɗe na gobarar kasuwa, ta buɗe na ambaliya. A zancen Hausa karin magana yakan zo ne bayan an shimfiɗa batu, ya ɗaure shi. In an sa shi a gaba, sai ya zama hukunci kafin sauraron ƙara. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: mabuɗin da zai iya buɗe rahoto goma daban-daban bai buɗe ko ɗaya ba.

Abin lura shi ne, ilmin da ake bukata a nan yana nan a zaurukan malamai tun da daɗewa. Littattafan balaga irin su Talkhisul Miftahi na Ƙazwini, wanda ya rasu a 1338, da Uƙudul Jumani na Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, sun ambaci wurare uku da mai magana zai fi kyautatawa: farawa, da sauka daga farawa zuwa manufa, da rufewa. Mafi kyawun farawa a wurinsu ita ce bara'atul istihlali, watau buɗin da ke ishara ga abin da za a yi magana a kai. Wuri na biyu kuma, wanda suke kira takhallusi, shi ne daidai sakin layin nan da tsarin Amurka ke alfahari da shi. Ɗalibin da ya taɓa zama gaban malamin balaga zai gane darasin nan take in an haɗa masa su. Ga misali:

(3) Tun kafin kiran assalatu layin jarkoki ya kai bakin masallaci. Masu su suka ajiye, suka koma gida, suka bar yara suna gadi. Hantsi ya dubi ludayi, famfon bai ko yi tari ba. Mako na uku ke nan unguwar tana kwana a haka, kuma kuɗin jarka a hannun 'yan garuwa ya ninka.

Jarkokin sun yi ishara ga batu, jimla ta ƙarshe kuma ta sauko da mai karatu kan manufa. A lura da cewa "suka", wadda ta ɓata mabuɗin ɗanyen labari a (1c), a nan ita ce ke jan zaren labari daga aiki zuwa aiki, kamar yadda take yi a tatsuniya da ƙagaggun labarai. Ke nan bambancin mabuɗan biyu yana da tushe a cikin nahawun harshen kansa, kuma daga nan ya kamata a fara bayyana shi.

7.0 Shawarwari da Kammalawa

Bisa ga abin da ya gabata, ana iya ba da shawarwari huɗu. Na farko, ɗalibin da zai yi aiki da Hausa ya riƙa rubuta mabuɗinsa da Hausa kai tsaye daga ɗanyen abu, kamar jawabin da aka naɗa ko zaman kotu, maimakon ya fassara abin da ya rubuta da Ingilishi. Na biyu, kafin ya rubuta, a sa shi ya faɗi labarin da baki kamar yana gaya wa maƙwabcinsa da ke shirin shiga mota, domin a irin wannan hali Bahaushe ba ya fara magana da rana ko da sarautar wani. Na uku, a ba shi abu ɗaya ya rubuta masa mabuɗi uku, ya kuma kare zaɓinsa da hujja, a ba hujjar maki fiye da ƙirgen amsoshi. Na huɗu, sassan aikin jarida da na harsunan Nijeriya su haɗu su tsara darasi ɗaya, su tattara mabuɗai masu kyau da marasa kyau daga tsofaffin jaridu da shirye-shiryen rediyo, su kuma daidaita kalmomin fannin.

An ga yadda darasin tambayoyi shida da kifaffiyar dala ya taso a wani harshe domin biyan bukatun tangaraho da ɗakin ɗab'i, da yadda yake haifar da jimlar amsa, da mabuɗin fada, da jinginawa mai karkata, da karin maganar da ba ta da gurbi, in an aza shi a kan Hausa ba tare da gyara ba. Wanda ke biyan kuɗin waɗannan kurakurai shi ne manomi da ɗan kasuwa da matar aure a cikin gida, waɗanda Hausa ita ce hanyarsu ta sanin abin da hukuma ke yi da su. Haƙƙinsu ne a horar da masu kawo musu labari su san abin da za su fara faɗa, su kuma san ginin jimlar da za ta ɗauke shi.